Kafin Ka Bar Ɗanka Ya Bi Koci Zuwa Gasa a Wani Gari

Wasan ƙwallo minti 90 ne, na yara ma bai cika kaiwa haka ba. Amma tafiyar gasa daga Kano zuwa Ilori, ko daga kudu zuwa Kano domin Kofin Ramat, takan ci kwanaki. Kuma mafi munin abin da ke samun yara a irin wannan tafiya ba a fili yake samunsu ba. A hanya ne, ko a masauki, ko da daddare bayan an kashe fitila.

A ƙarshen watan Mayu na 2025 motar da ta ɗauko tawagar jihar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a hanyar Zariya zuwa Kano, saura ƙiris su iso gida. Mutum fiye da 20 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa ta danganta lamarin da gajiya da gudu bayan doguwar tafiyar dare. Wannan tawagar jiha ce. Ina ga ƙungiyar unguwa da ta yi karo-karo ta ɗauki shatar bas, ta cusa yara har da na kan cinya? Irin waɗannan ƙungiyoyi sukan zaɓi tafiyar dare ne don su tsira da kuɗin kwana ɗaya. Uba na da haƙƙin ya tambayi direba nawa ne, ƙarfe nawa za a tashi, a ina za a yada zango. Idan amsar ita ce "Allah dai ya kiyaye", to addu'a ce mai kyau, amma ba ita aka tambaya ba.

Masauki kuwa a nan sau da yawa ajin makarantar firamare ne da tabarmi. Ba laifi ba ne, muddin akwai gidan sauro da ruwan sha mai tsabta, kuma janareta na nesa da taga. Abin da bai kamata ba shi ne a garƙame ƙofa da kwaɗo ta waje don kada yara su fita yawo, domin in gobara ta tashi ba hanyar fita. A watan Fabrairun 2019 gobara ta tashi a ɗakunan kwanan matasan ƙungiyar Flamengo a Brazil, yara 10 'yan shekara 14 zuwa 16 suka mutu a cikin kwantenonin da aka mayar ɗakuna.

Sai maganar da mutanenmu ba sa son yi. A 2016 tsohon ɗan ƙwallo ɗan ƙasar Ingila Andy Woodward ya fito ya bayyana yadda kocinsa Barry Bennell ya yi lalata da shi tun yana yaro, daga nan ɗaruruwan mutane suka biyo baya da nasu labarin. Shi Bennell an fara kama shi ne a 1994 a Amurka, a lokacin da ya kai yara wasa can. Rahoton lauya Clive Sheldon na 2021 ya ce hukumar ƙwallon Ingila ta yi sakaci na shekaru. A 2021 ɗin ne kuma irin wannan zargi ya fasu a Gabon kan tsohon kocin 'yan ƙasa da shekara 17, don haka kada wani ya ce ciwon Turawa ne. Dalilin shirun yaro ɗaya ne ko'ina: koci ne ke yanke wanda zai sa riga da wanda zai zauna a benci, shi ne kuma ya yi masa alkawarin kai shi gaba. A wurinmu ga kunya, ga tarbiyyar cewa ba a musu da babba.

FIFA ta ƙaddamar da shirinta na kare yara, FIFA Guardians, a 2019, kuma abin da ake nema ba ya cin kuɗi sosai. Kada babba ɗaya tilo ya tafi da yara, komai amanarsa. Babba ya kwana kusa, amma ba a ɗaki ɗaya da su ba. Ba a kiran yaro shi kaɗai ɗakin koci da sunan tausa ko gyaran kuskuren wasa, a yi a gaban mutane. In 'yan mata ne, dole da mace babba a tawagar. A kuma samu wani wanda ba koci ba, wanda yara suka san za su iya kai masa kuka, a bar musu hanyar kiran gida kowace rana ko da an karɓe wayoyi da dare. Kocin kirki ba ya jin haushin wannan, domin shi ma kariya ce gare shi daga ƙazafi.

Yanke shekaru ma ya shigo nan. Mun saba kallonsa a matsayin maguɗin cin kofi, amma ma'anarsa a masauki ita ce ƙato ɗan shekara 20 na kwana da ɗan shekara 13. A raba ɗakuna bisa shekarun gaskiya.

Kafin tashi, iyaye su sa hannu a takardar amincewa mai ɗauke da lambobin waya biyu da bayanin lafiyar yaro: sikila, asma, farfaɗiya, da maganin da yake sha. Wasu kan ɓoye don kada a cire ɗansu, sai ciwo ya tashi a garin da ba wanda ya san shi. A san asibiti mafi kusa tun ranar isa, a kuma riƙa ƙirga yara duk lokacin hawa da sauka daga mota.

Idan tafiyar ta ƙetare iyaka ce da sunan gwaji, a ƙara buɗe ido. Sashe na 19 na dokokin sauya sheƙa na FIFA ya hana ɗaukar ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa ƙungiyar wata ƙasa, sai a wasu 'yan yanayi, kamar iyaye su yi ƙaura don dalilin da ba na ƙwallo ba. A 2015 BBC ta gano yaran Laberiya da aka kai wata ƙungiya a Laos suna kwana a ƙasa cikin filin wasa. Wakilin da ya ce a sayar da gona a ba shi kuɗin biza, ko ya ce shi zai riƙe fasfo, a nemi takardar gayyata, a tuntuɓi ita ƙungiyar kai tsaye, a tambayi hukumar ƙwallon jiha. In ya fara kame-kame, a kai maganarsa ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane.