Hawan Dutsen Kwatarkwashi da Kyamara a Baya

Matafiyin da ya baro Funtuwa zai nufi Gusau, da zarar ya wuce Tsafe da duwatsunta, ba ya daɗewa sai Dutsen Kwatarkwashi ya cika masa ido. Dutsen yana cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, kuma tun zamanin kakanni ya yi suna da mikiyoyin da ke sheƙa a kansa. Masu ɗaukar hoto kan yi sha'awar hawansa, domin daga sama ana hango gari da gonaki shimfiɗe, musamman da kaka, lokacin da dawa da gero suka nuna.

Sai dai jakar kyamarar da ake zuwa ɗaurin aure da ita a Tudun Wada ko Sabon Garin Gusau ba ta hawan dutse ba ce. Jakar rataye tana lilo, tana karkatar da mutum gefe guda, ga shi a kan falalen dutse ana buƙatar hannu biyu. Abin da ya dace shi ne jakar goyo mai soso a ciki, mai ɗamara a ƙugu da wata a ƙirji. Ba'amurke Greg Lowe, wanda ya kafa kamfanin Lowepro, shi ya ƙirƙiro jakar goyo mai ƙarfe a ciki a 1967, kuma hikimarta ita ce a sauke nauyi daga kafaɗa zuwa ƙugu.

Nauyin kuwa yana taruwa ba a ankara ba. Kyamara irin Canon 5D Mark IV ta kusa kilo 1 ita kaɗai. Babban gilashin jawo nesa, wanda sai da shi ake samun tsuntsu a sama, ya kai kilo 1 da rabi. Sandar kyamara mai ƙafa uku ta kai haka ko ta fi. Ruwan sha kuma kowace lita kilo 1 ce, kuma a watan Afrilu, da zafin Zamfara kan kai digiri 40, lita 2 ma ƙaranci ce. Kafin a ce kwabo mutum ya goya kilo 7 ko 8. Shi ya sa ake ajiye abu mafi nauyi a tsakiyar jaka, manne da gadon baya, a cusa riga ko rawani a ƙasa, batir da katin ajiya a aljihun sama. Gorar ruwa a waje take zama, kada ta haɗa ɗaki da kyamara ko sau ɗaya.

Kowane lokaci da masifarsa. Da hunturu ƙura ce: ta fi gari laushi, tana bi ta zif, kuma wanda ya cire gilashi a cikin iska zai ga ɗige-ɗige a duk hotunansa. Gara a ɗaura gilashi ɗaya tun daga gida. Da bazara dutsen kansa yakan yi zafin da ba a iya dafa shi, alhali yawancin kyamarori an ƙera su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40, don haka ba a yada baƙar jaka a rana. Da damina kuwa santsi ne da hadari mai tasowa babu sallama. Babbar leda a cikin jaka tana ceton dukiya.

Akwai kuma abin da littattafan Turawa ba sa faɗa, wanda a nan ya fi komai muhimmanci. Shekara da shekaru 'yan bindiga sun addabi yankin Tsafe da Bunguɗu. A watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta hana shawagin jirage a sararin Zamfara, a Satumbar shekarar aka katse layukan waya, a Janairun 2024 kuma Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara. A irin wannan hali, baƙo mai ƙatuwar jaka a kan dutse abin tuhuma ne, kuma sandar kyamara da aka ɗaure a gefen jaka, daga nesa, bindiga take kama. A naɗe ta cikin zane, ko a bar ta gida. Ƙaramin jirgin ɗaukar hoto kuwa ba a tayar da shi sai da izinin hukuma.

Saboda haka hawan ba daga gindin dutse yake farawa ba. Ana fara kai gaisuwa fadar Sarkin Kwatarkwashi ko wurin mai unguwa, a sanar da jami'an tsaro, a buɗe jaka su ga abin da ke ciki, sannan a nemi ɗan gari ya yi jagora. Shi ya san inda ake taka ƙafa, da kogon da zuma ta kama, da gefen da ba a zuwa. Idan ya ce yau ba ta hawa ba ce, sai a ɗauki dutsen daga bakin titi, bayan sallar asuba, lokacin da hasken farko ke sauka a kansa.