Me ke hana ƙaramar roka yin nisa a sama?

Ƙaramar rokar da ɗalibai ke harbawa a gasar kimiyya, musamman a Amurka, bututun kwali ne mai fikafikai da ɗan injin albarushi.

Idan ta gaza yin sama, a fara duba lambar injin. Misali, a injin mai lamba B6-4, harafin B na nufin ƙarfinsa ya ninka na injin mai harafin A. Lamba 4 kuwa daƙiƙun jira ne bayan wuta ta ƙare, kafin laimar da ke sauko da rokar ta buɗe. In jiran ya gajarta, laimar za ta fito roka na tsaka da hawa, ta katse mata tafiya.

Sai nauyi, wanda sababbin shiga suka fi rainawa: yawan fenti da gam na cinye ƙarfin ɗan injin. Karkataccen fiffike, tsatsar sandar harbi da iska mai ƙarfi su ma suna rage nisa.