Rundunar Dawaki Zalla: Abubuwa Bakwai Masu Ban Mamaki, Daga Tebur Zuwa Duwatsun Zuru

A ƙasashen Turai akwai wasan yaƙi da ake yi a kan tebur da 'yan mutum-mutumin sojoji, kowanne bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Wanda ya fi suna shi ne Warhammer, da kamfanin Games Workshop na Ingila ya fito da shi a 1983. Cikin masu wasan akwai waɗanda ba sa jera kowa sai mahaya: ba dakare, ba ɗan baka. Mu da muka taso muna sukuwa a kan dokin kara, muna gina doki da yumɓu mu shanya a rana, mun san daɗin abin. To, a ƙasar da aka yi yaƙi da dawakin gaske, irin wannan runduna za ta kai labari?

1. Har doki yana da rigar yaƙi. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa audugar rimi, a lulluɓe doki da mahayinsa, kibiya ta zo ta maƙale ba ta taɓa fata ba. Sai dai nauyi gare shi: ɗan lifidi ba ya hawa sai an ɗora shi, in kuwa ya faɗo, tashi sai da mataimaki. Babban abokin gabarsa kibiya mai wuta.

2. Bayan kowane barde akwai masu tafiya a ƙasa. Ga zagi a gaba, ga mai yankan ciyawa, ga mai ɗauko dawa da harawa da kanwa, ga mai kai doki ruwa. Sarautunmu ma sun shaida girman hidimar: Madawaki, Sarkin Dawaki, Barde, da Shamaki mai kula da barga. Ɗan wasa yana mayar da dokinsa akwati, amma dokin gaske ko ba a yaƙi sai ya ci.

3. Ko Kano ba ta dogara da doki kaɗai ba. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta sarkinta na iya tara mahaya 7,000 da dakaru sama da 20,000. Wato kowane doki ɗaya, kusan mutum uku ne a ƙasa.

4. Dawaki ashirin sun rinjayi lifidi ɗari. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya fito da 'yan lifidi kimanin 100. Jama'ar Shehu Usmanu, ƙarƙashin jagorancin Abdullahi ɗan Fodiyo, dawakinsu kamar 20 ne kacal. 'Yan baka suka tsaya kyam suna ruwan kibau, rundunar Gobir ta watse.

5. Ƙuda ya tare abin da mashi ya kasa. Idan aka nausa kudu, ƙudan tsando na sa wa doki ciwon sammore, ya rame ya mutu. Shi ya sa daular Oyo ta riƙa sayen dawaki daga arewa ba ƙaƙƙautawa. A Oshogbo kuwa, wajen 1840, mayaƙan Ibadan sun auka wa sansanin mahayan Ilori da dare, lokacin da doki ba shi da amfani, suka karya lagonsu.

6. Zuru, inda sukuwa ke ƙarewa. Yawancin mutanen ƙasar Zuru suna kiran kansu Lelna, harshensu kuma C'lela, amma Hausawa na ce musu Dakarkari. Masana da dama na danganta sunan da kalmar dakare, wato mayaƙin ƙasa, saboda an san su da yi wa daular Kabi ta Kanta yaƙi da ƙafa. A ƙarni na 19, da mahayan Kwantagora suka matsa wa yankin da hare-hare, duwatsu ne suka zama garkuwa. Duk wanda ya taɓa hawa tsaunukan Zuru da Dabai ya san dalili: hanya siririya, tsakuwa na zamewa ƙarƙashin ƙafa, mutum ma sai ya dafa dutse, balle doki ɗauke da lifidi. A sama kuma ga mai kwari da baka yana jira, matashin da noma da kokawa suka riga suka gasa. Wannan jarumta ba ta gushe ba: Zuru ta yi suna wajen ba Nijeriya sojoji, har marigayi Sarkinta Muhammadu Sani Sami Gomo na Biyu Manjo-Janar ne, ya kuma yi gwamnan soja a Bauchi daga 1984 zuwa 1985.

7. Sukuwar ƙarshe, da wadda ta rage. A Kwatarkwashi, cikin Fabrairun 1903, Wazirin Kano Ahmadu ya jagoranci mahaya suka yi ta afka wa sojojin Ingila da ba su kai 50 ba. Ƙarfin zuciya bai gaza ba, amma bindiga ta yi rinjaye, Waziri ya kwanta dama a fagen. Daga nan doki ya koma na ado. Wurin da za ka ga rundunar dawaki zalla a yau shi ne hawan Sallah, da jahi a ƙofar fada, kuma a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin al'adun da duniya ke alfahari da su.

Doki abin so ne, kuma bardenmu ya cancanci kirarinsa. Amma mawaƙa sun daɗe suna wasa mahayi suna mance wanda ya riƙe masa linzami. Duk yaron da zai jera rundunarsa, ta tebur ce ko ta yumɓu, ya ajiye wa dakare wuri a sahun gaba. Mutanen Zuru sun riga sun biya kuɗin wannan wuri da jininsu.