Kimiyya da Fasaha: Ina Ruwan Mahaƙar Kwal Yake Zuwa?

 A yau shirin zai duba wata matsala da ke addabar duk inda ake haƙar ma'adinin kwal, wato yadda ake yi da ruwan da ke kwararowa daga mahaƙa.

Da safiyar ranar 26 ga watan Fabrairun 1972, bayan an yi kwanaki ana ruwan sama, wata madatsa da kamfanin Pittston ya gina da tarkacen kwal a kwarin Buffalo Creek na jihar West Virginia a Amurka ta ɓalle. Baƙin ruwa mai laka kimanin galan miliyan 130 ya bi ta kan garuruwan da ke kwarin, ya hallaka mutane 125, sama da 4,000 kuma suka rasa muhallinsu. Bincike ya nuna madatsar ba ta da wata ingantacciyar mafita da ruwa zai bi idan ya yi yawa. Wannan bala'i na daga cikin dalilan da suka sa majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar sa ido kan haƙar kwal a shekarar 1977.

To mai sauraro, me dokar ta tanada? Ka san idan aka kware ƙasa aka tumɓuke itatuwa, ruwan sama sai ya riƙa wanke ƙasar yana kai ta rafi. Saboda haka ake tilasta wa kamfani ya haƙa tafki a gangaren mahaƙa, duk ruwan wurin ya fara shiga ciki kafin a sake shi. Dabarar ba ta da bambanci da ta mai ɗebo ruwan rafi ya zuba a randa ya bar shi ya kwanta. Yashi yakan sauka cikin daƙiƙoƙi, amma ƙwayoyin yumɓu sai su yi kwanaki suna yawo, shi ya sa a wasu lokutan ake zuba alif ko makamancinsa domin su dunƙule su nutse.

Akan auna girman tafkin ta yadda zai iya ɗaukar ruwan sama na sa'o'i 24, irin mai ƙarfin da akan samu sau ɗaya a shekaru 10. Ana kuma sa bututun fitar ruwa ta yadda zai ɗebi na sama mai tsabta, sannan a yi wata mafita ta gaggawa domin kada ruwa ya haura bango ya cinye shi. A ƙa'idar hukumar kare muhalli ta Amurka, lakar da ke cikin ruwan da aka saki kada ta wuce miligiram 70 a kowace lita a rana guda, ma'aunin tsami na pH kuma ya tsaya tsakanin 6 da 9.

Sai dai fa tafki kamar rijiya yake, in ba a yashe shi ba sai ya cike. Idan laka ta cinye zurfinsa, ruwa zai shiga ta nan ya fita ta can ba tare da ya kwanta ba. Wata matsalar kuma a ƙarƙashin ƙasa take. A watan Oktoban shekara ta 2000, gindin wani babban tafkin dagwalon kwal a gundumar Martin ta jihar Kentucky ya rufta cikin tsohon rami, dagwalo sama da galan miliyan 300 ya bi ta ramin ya malala cikin koguna.

Akwai kuma abin da kwanciyar ruwa kaɗai ba ta maganinsa. A tare da kwal akan samu wani dutse mai suna firit, wanda ya ƙunshi ƙarfe da farar wuta. Da zarar ya haɗu da iska da ruwa sai ya haifar da asid, wasu ƙwayoyin bakteriya kuma su ƙara hanzarta aikin. Ruwan yakan fito garau, amma da ya shiga rafi sai ka ga duwatsu sun koma launin tsatsa, kifi ya ɓace. Maganinsa shi ne a zuba farar ƙasa ta kashe tsamin, a kaɗa ruwan ya sha iska, ƙarfen ya kwanta a tafki. Wasu wuraren kuma akan ratsa da shi ta fadamar da aka shuka kacalla.

Rufe mahaƙa ba ya kawo ƙarshen wannan aiki. A yankin Ruhr na Jamus an rufe mahaƙar kwal ta ƙarshe ta ƙarƙashin ƙasa a watan Disamban 2018, amma har yanzu injuna na zuƙo ruwan ramukan, domin kada ya taso ya gurɓata ruwan sha. A Najeriya ma, masana sun sha gano irin wannan ruwa mai tsami yana fitowa daga tsofaffin ramukan Inugu zuwa kogin Ekulu.

Don haka mai sauraro, idan ana shirin buɗe mahaƙa kusa da garinku, tambayar da ya kamata ka fara yi ita ce: ina ruwan zai bi, kuma wa zai ci gaba da kula da shi bayan kamfani ya tattara kayansa?