Kwamfuta A Cikin Kwamfuta: Yadda Ake Sarrafa Hoton Faifai Da Rubutaccen Umarni

Tun a shekarun 1960 injiniyoyin kamfanin IBM a Amurka suka gano hanyar raba na'ura mai ƙwaƙwalwa guda ɗaya ta zama tamkar na'urori da yawa, kowace tana aikinta ba ruwanta da 'yar'uwarta. A 1972 kamfanin ya fitar da tsarin VM/370 bisa wannan hikima. A yau ƙaramar kwamfutar makaranta ma tana iya ɗaukar irin wannan kwamfutar kwaikwayo a cikinta. Masu nazarin halittu suna cin moriyar wannan ƙwarai, domin da yawa daga manhajojin binciken ƙwayoyin gado a kan tsarin Linux aka gina su, alhali kwamfutocin makarantu galibi Windows ne a kansu.

Mene Ne Hoton Faifai?

Kwamfutar kwaikwayo ba ta da faifai na zahiri. Duk abin da ta mallaka, tun daga manhajoji har zuwa aikin ɗalibi, yana cikin fayil guda, wanda ake kira hoton faifai. Wanda ya kwafe shi ya kwafe kwamfutar ɗungurungum, wanda kuma ya ɓata shi ya ɓata komai.

Ɗaya daga cikin kayan sarrafa wannan fayil shi ne qemu-img, wani ɓangare na manhajar QEMU wadda Bafaranshen nan Fabrice Bellard ya fara fitarwa a 2003. Rubuta masa umarni ake yi, ga misali:

qemu-img create -f qcow2 uwa.qcow2 20G

Wannan ya ƙirƙiri faifai mai cin gigabayit 20, a samfurin da ake kira qcow2. Amma idan aka rubuta qemu-img info uwa.qcow2, za a ga girma iri biyu: gigabayit 20 da kwamfutar kwaikwayo take gani, da kuma ainihin wurin da fayil ɗin ya ci, wanda a farko bai kai ko megabayit 1 ba. Fayil ɗin yana kumbura ne gwargwadon abin da aka zuba masa. Saboda haka wajibi ne a riƙa duba faifan gaske, kada ya cika aiki ya tsaya.

Uwa Da 'Ya'ya

A ce malami yana da ɗalibai 30. Maimakon ya kwafi babban faifai sau 30, sai ya shirya uwa guda mai ɗauke da dukkan manhajoji, sa'annan ya tsirar wa kowane ɗalibi da 'ya daga jikinta:

qemu-img create -f qcow2 -b uwa.qcow2 -F qcow2 dalibi1.qcow2

'Yar ba ta ajiye komai sai abin da ɗalibi ya canza. Sauran bayanai kuwa daga uwa take karanto su. Zamanta kamar na kauci ne a jikin itace: yana da ganyensa, amma ruwan da yake sha daga itacen yake fitowa.

A nan ne haɗarin yake. 'Yar ta dogara ne da cewa kowane bayani yana nan a gurbin da ta san shi a jikin uwa. Idan wani ya kunna uwar ya ƙara mata ko da manhaja ɗaya, bayanan sun goce, kuma aikin ɗalibai 30 na iya lalacewa a rana guda.

Matakan Kariya

Na farko, da zarar an tsirar da 'ya'ya, a kulle uwar da umarnin chmod 444 uwa.qcow2, wanda yake hana yin rubutu a cikinta.

Na biyu, kada a canza hoton faifai da qemu-img alhali kwamfutar kwaikwayo tana kunne a kansa. A kashe ta tukuna.

Na uku, idan wutar lantarki ta ɗauke ana cikin aiki, a bincika lafiyar fayil da qemu-img check dalibi1.qcow2 kafin a sake kunnawa.

Na huɗu, ɗalibin da zai tafi da aikinsa wani wuri, sai a yaye masa 'yar:

qemu-img convert -O qcow2 dalibi1.qcow2 cikakke.qcow2

Wannan yana haɗa uwa da 'ya a sabon fayil mai zaman kansa. Da wannan umarni ne kuma ake juya samfurin vmdk na VMware ko vdi na VirtualBox zuwa qcow2.

Shawara ga malamai ita ce su fara gwada waɗannan umarni a kan faifan da babu komai a cikinsa, kuma su ajiye kwafin uwar a wata ma'ajiya dabam tun kafin ɗalibai su soma aiki.