KOYAR DA TURANCI A ƘASASHEN WAJE: ABIN DA YA KAMATA HAKIMAI SU TAMBAYA KAFIN SU SA HANNU

A shekarun nan ana ƙara samun samari a 'Yankuzo da sauran garuruwan ƙasar Tsafe da Bunguɗu da Gusau, waɗanda suka gama karatu, suka iya Turanci, amma ba su sami aikin albashi ba. Rashin zaman lafiya kuma ya hana waɗansu noma gonakin da ke nesa da gari. Saboda haka idan saurayi ya ga talla a wayarsa ana neman masu koyar da Turanci a wata ƙasa, sai hankalinsa ya koma can. Kafin ya tashi kuwa, galibi sai maganar ta biyo ta ƙofar hakimi, ko dai don neman takardar shaidar asali, ko don uban yaron zai sayar da gona a yi masa guzuri, ana son shaida. An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu su san abin da ke cikin wannan sana'a, su kuma san abin da za su tambaya.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce

Dattawa sun san malamin da ya bar ƙasarsa ya zo koyar da Turanci. Turawan Ingila ne suka koyar a Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. A 1961 samarin Amurka masu aikin sa kai suka fara zuwa makarantun Nijeriya. Bayan da aka soma shirin ilimin firamare kyauta a 1976, makarantu suka yawaita, aka ɗauko malamai daga Indiya da Fakistan da Gana.

Akwai kuma abin lura a ƙarshen labarin. A watan Janairu na 1983 Gwamnatin Tarayya ta umarci baƙin da ba su da cikakkun takardu su bar ƙasa. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka fita, yawancinsu mutanen Gana, har da malaman makaranta a cikinsu. Abin da ya sami baƙo a nan, shi zai iya samun ɗan 'Yankuzo a ƙasar wani. Baƙon malami ba shi da gata sai takardunsa.

Iya Turanci dabam, iya koyar da shi dabam

Ba kowane mai cin tuwo ne ya iya tuƙa shi ba. Saurayi yana iya zuba Turanci, amma a tsai da shi gaban yara arba'in waɗanda ba su san ko kalma ɗaya ba, ya rasa inda zai fara. A gida in ya kakare sai ya juya Hausa. A ƙasar da ba a jin Hausa babu wannan mafita.

Duk da haka Bahaushe yana da wata riba, gama shi ma da wahala ya koyi harshen, ya san inda ake tuntuɓe. Ya san yadda yaran ƙasar nan suke haɗa harafin p da f. To, yaron Balarabe p da b yake haɗawa, wanda ya tashi da Faransanci kuwa yakan haɗiye harafin h a farkon kalma. Malamin kirki shi ne wanda ya gane irin wannan tun da wuri, ya shirya darasi dominsa. Wannan kuwa ba ya samuwa sai da horo, da kuma daɗewa cikin aji.

Takardun da ake nema

Mafi ƙarancin shaidar malanta a Nijeriya ita ce NCE, wadda akan samu bayan karatun shekara uku a kwalejin ilimi irin ta Maru. Amma yawancin ƙasashe digiri suke nema kafin su ba da izinin aiki, irin wanda ake samu a Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Sa'an nan ya kamata mutum ya yi rajista da Hukumar Rajistar Malamai, watau TRCN, wadda aka kafa a 1993.

Har wa yau akwai shaida ta musamman ta koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne. Wadda ta fi suna ita ce CELTA ta Jami'ar Kambirij. Ana yin karatun awa 120 ko fiye, kuma tilas ɗalibi ya koyar da mutane na tsawon awa shida, masu jarrabawa suna kallo. Da wannan ma'auni za a gwada sauran. Takardar da aka saya ta intanet cikin kwana biyu, ba a tsaya gaban aji ko sau ɗaya ba, ba ta da nauyi wurin makarantun kirki.

Bayan waɗannan, sai fasfo daga Hukumar Shige da Fice, da katin allurar rigakafin zazzaɓin shawara. Ƙasashe da yawa kuma ba su karɓar takardun makaranta sai an kai su Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje a Abuja an buga musu hatimi.

Ƙofofi huɗu

Ƙofa ta fari, wadda ta fi aminci, ta Gwamnati ce. A 1987, zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka kafa shirin aika ƙwararru taimakon ƙasashe, wanda ake kira TAC. Ana tura malamai da likitoci da sauransu na tsawon shekara biyu zuwa ƙasashe irin su Gambiya, Saliyo, Yuganda da Jamaika. Nijeriya ke biyan alawus, ƙasar da aka je kuma ta ba da masauki. Sai dai waɗanda suka riga suka goge da aiki ake ɗauka. Wanda ke son wannan ƙofa, sai ya fara da ajin garinsu.

Ta biyu ita ce Jamhuriyar Nijar, inda ake koyar da Turanci a makarantun sakandare. A watan Maris na 2025 hukumomin ƙasar suka mai da Hausa harshen ƙasa, Turanci da Faransanci kuma harsunan aiki. Ɗan Zamfara ba zai rasa abokin magana a Maraɗi ko Damagaram ba, abinci da addini duk irin na gida. Amma kada kusanci ya ruɗe shi. An rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024, kuma a watan Janairu na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS. Lalle ne mai tafiya ya tambayi dokar zama da ta aiki a lokacin tafiyarsa. Ya kuma koyi lissafin kuɗinsu, gama a can dala sefa biyar ce, jika kuwa sefa dubu. Wanda bai san wannan ba yana iya amsa albashin da bai fahimta ba.

Ta uku ƙasashen Larabawa. A Saudiyya ba a aiki sai da bizar aiki da igama. Bizar Umara ta ibada ce kaɗai, wanda ya maƙale da ita yana koyarwa a ɓoye, ranar da aka kama shi sai tara ko tsarewa, a kuma maido shi gida.

Ta huɗu ƙasashen Gabas mai Nisa, waɗanda tallarsu ta fi yawa, ƙofarsu kuwa ta fi ƙunci. Shirin gwamnatin Koriya ta Kudu na kawo malaman Turanci ya dogara ne bisa 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Ingila, Kanada, Ostireliya, Niyu Zilan, Ayalan da Afirka ta Kudu. Babu Nijeriya a ciki. Ƙasar Sin kuma a watan Yuli na 2021 ta ƙuntata wa kamfanonin darasin bayan makaranta, aiki mai yawa ya mutu. Duk wanda ya ce zai kai ɗan Tsafe can cikin sauƙi, a bincike shi ƙwarai.

Alamomin mayaudari

A farkon 2020 aka ceto wata 'yar Nijeriya daga ƙasar Labanan. An yi mata alkawarin aikin koyar da Turanci, da ta isa sai ta tarar aikatau ne a gidan wani. Irin wannan yaudara tana da alamomi da ba su ɓuya. Dillali yakan nemi kuɗi masu yawa kafin ya nuna takardar ɗaukar aiki. Yakan ce a tafi da bizar ziyara, in an isa a gyara. Yakan ce babu bukatar shaidar malanta. Yakan matsa a yi sauri, ya hana a yi shawara da manya. Wani kuma yakan ce shi zai riƙe fasfo. Doka ta ce mai ɗaukar ma'aikata zuwa waje sai ya sami lasin daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, saboda haka a nemi ganin lasinsa. In aka ga alamar fataucin mutane, a sanar da 'yan sanda ko hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 domin wannan aiki.

Abin da hakimi zai tambaya

Idan saurayi ya zo neman takarda, ya kamata malamin hakimi ya zaunar da shi gaban ubansa ko waliyyinsa, ya yi masa waɗannan tambayoyi, ya rubuta amsoshin a ajiye:

1. Wace shaidar malanta gare shi, kuma shekara nawa ya yi yana koyarwa?
2. Mene ne sunan makarantar da garin da take, kuma wa ya taɓa ganinta da idonsa?
3. Ina rubutacciyar yarjejeniya mai nuna albashi, awoyin aiki, masauki, kuɗin magani da hutu?
4. Wace irin biza za a ba shi, ta aiki ko ta ziyara?
5. In aikin ya ɓaci, wa zai biya kuɗin komowa?
6. Bayan ya biya haya da abinci, me zai rage da zai aiko gida?

A kuma gargaɗe shi ya kai sunansa ofishin jakadancin Nijeriya da zarar ya sauka. Da yaƙi ya ɓarke a Hartum a watan Afrilu na 2023, ta hannun ofishin jakadanci aka tattara ɗaliban Nijeriya aka fitar da su. Wanda ba a san da zamansa ba, da wuya a neme shi ranar tashin hankali. Ya bar hoton fasfonsa da na yarjejeniyar a gida wurin wanda ya amince da shi.

Game da sayar da gona kuwa, hakimi ba shi da ikon hana mutum dukiyarsa, amma yana da ikon ba da shawara a dakata har a ga amsar tambayoyin nan. Albashi yana iya yankewa cikin wata guda, gonar gado kuwa in ta fita hannu da wuya ta komo.

Ba nufin wannan takarda ba ne a hana samari tafiya, gama tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma malamin da ya je ya komo da sabuwar dabara riba ne ga ƙasarsa. Abin da ake so shi ne a bi tsari: karatu tukuna, sa'an nan shekara biyu ko uku a ajin gida, inda makarantun ƙauyuka ke bukatar malamai, kana a nemi ƙofar da ke da takarda. Wanda ya amsa tambayoyin nan shida sarai, hakimi ya sa masa hannu, ya sa masa albarka. Wanda ya kasa, a ce masa ya je ya nemo amsa, ya komo.