Yawo a dusar ƙanƙarar Norway: inda za ka kwana da yadda za ka yi zirga-zirga ba tare da aljihu ya huje ba

Tun da hotunan samarinmu da ke karatu ko aiki a Turai suka fara yawo a WhatsApp, suna zamiya a kan dusar ƙanƙara, tambayar da ake ta yi a Agege da Sabon Ibadan ita ce: nawa abin yake ci? Na yi hunturu a Oslo wajen yayana, don haka bari in faɗi abin da na gani.

Wasan iri biyu ne. Akwai na gangarowa daga dutse, wanda sai ka biya kuɗin na'urar da za ta hau da kai sama, wannan na masu hali ne. Akwai kuma wanda 'yan Norway ke kira langrenn: ka ɗaura wasu sirarran alluna dogaye a ƙafa, ka riƙe sanda biyu, ka yi ta tafiya cikin daji kamar mai bin burtali. A kan wannan nake magana, domin hanyarsa kyauta ce. A dajin da ya kewaye Oslo akwai hanyoyin da ake gyarawa da mota na kusan kilomita 2,600, babu mai tsayar da kai ya ce kawo kuɗin shiga. Dokarsu ta 1957 ta ba kowa, har baƙo, damar ratsa daji. Kuɗinka zai tafi ne a wuri uku: kwana, ci, da abin hawa.

Shi ya sa shawarata ɗaya ce: kada ka nemi ɗaki kusa da ƙanƙara, nemi ɗaki kusa da layin jirgin ƙasa. Otal ɗin da ke bakin dutse farashinsa na masu yawon shaƙatawa ne. Amma a Oslo jirgin cikin gari, T-bane, shi ke kai ka har bakin daji. Layi na 1 yana wucewa ta Holmenkollen ya ƙare a Frognerseteren, tafiyar minti 40 ko ƙasa da haka daga tsakiyar gari. Layi na 5 yana kai ka Sognsvann cikin kusan kwata. Ka sauko, ka ɗaura allunanka, ka shiga hanya. Ba a karɓar kuɗin kayan wasan a jirgi. Tikitin kamfanin Ruter ɗaya ne na jirgi da bas da taragu, kuma akwai na kwana bakwai, wanda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba in kullum za ka fita. Kada ka ce za ka shiga babu tikiti don ba ka ga kwandasta ba. Masu dubawa sukan shigo ba zato, kuma tarar ta fi kuɗin tikitin mako.

Tun daga filin jirgin sama na Gardermoen ma akwai wayo. Jirage biyu ke zuwa cikin gari: Flytoget da na kamfanin Vy. Na Vy kusan rabin kuɗi ne, bambancin lokacin kuma 'yan mintuna.

Ɗakin da za ka kama, ka tabbata yana da kicin. Masaukin matafiya mai gado huɗu ko shida a ɗaki ɗaya ya ishe ka, in dai za ka iya dafa taliya da kanka. Cin abinci a waje a Norway, wallahi shi ke karya mutum. Shagunan Kiwi da Rema 1000 su ne masu rangwame, sai dai galibinsu a rufe suke ran Lahadi, don haka yi cefanenka ran Asabar. Naman halal da masallatai suna unguwar Grønland, kusa da babbar tashar jirgi. Ruwan famfo kuwa ana sha, kada ka sayi na gora.

Abin da ya fi burge ni shi ne bukkokin ƙungiyar DNT, wadda aka kafa a 1868, mai gidajen kwana sama da 550 a daji da duwatsu. Wanda ya tashi a gidan fatake ya san yadda mai masauki yake a kara: ka zo da shanu daga Arewa, ya ba ka wurin kwana, a yi lissafi daga baya, amana ce ke riƙe da komai. To haka nan ne, sai dai a yawancin bukkokin babu ma mai gidan. Iri uku ne. Akwai mai ma'aikata da ke dafa abinci, ita ce mafi tsada. Akwai wadda babu kowa amma akwai rumbun abincin gwangwani, ka ɗauki abin da kake so, ka rubuta, ka biya ta waya. Akwai kuma wadda gado da itace da murhu kawai za ka tarar, abinci kai za ka ɗauko. Makulli ɗaya ne ke buɗe yawancinsu, 'yan ƙungiya ake ba shi, kuma ɗan ƙungiya yana biyan ƙasa da na baƙo, matasa kuma ƙasa da haka. In za ka kwana uku ko huɗu, yin rajista ya fi riba. Na dajin Oslo sai ka kama wuri ta intanet kafin ka je. Ka zo da zanen gadonka, ka share, ka shigo da itace don wanda zai zo bayanka. Gwangwanin rumbu kuma ka karanta jikinsa: in ka ga kalmar svin, alade ne.

Mai son fita daga Oslo, Lillehammer da ta karɓi gasar Olamfik ta hunturu a 1994 tafiyar awa biyu da 'yan kai ce a jirgin ƙasa. Akwai masauki a cikin ginin tashar kanta, bas kuma na hawa zuwa Sjusjøen, kusan kilomita 20. Kwana a gari ka hau bas da safe ya fi kama gida a can sama sauƙi. Tikitin jirgi mai nisa, da wuri ake saye. Na ranar tafiya yakan yi tsada sosai.

Za ka ga hotunan Finse, tashar da ke mita 1,222 a layin Bergen, inda ko titin mota babu. Wurin da kyau, amma ba na ɗan koyo ba ne. Iska na iya tashi ta rufe ido, mutum ya kasa ganin hannunsa. Mu da sanyinmu bai wuce na hunturun Jos ba, gara mu fara da hanyoyin bakin gari masu fitila.

Lokaci ma lissafi ne. A Disamba hasken rana a Oslo kusan awa shida ne kawai, Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kusa-kusa. Ƙarshen Fabrairu hutun 'yan makaranta ne, lokacin Ista kuma kowa dutse yake nufa, ɗakuna su cika, kuɗi ya hau. Tsakiyar Janairu ko farkon Maris sun fi.

Sai maganar biza, wadda ita ce farko ga mai tasowa daga Najeriya. Norway na cikin Shengen, kuɗin neman biza Yuro 90 ne, kuma ba a mayarwa in an hana ka. Za su nemi shaidar wurin kwana na dukkan kwanakin da inshorar lafiya ta Yuro 30,000. Don haka kama ɗakin da za ka iya sokewa kyauta, kada ka biya duka kafin biza ta fito. Duk wanda ya ce a Facebook ka tura masa kuɗin ɗaki mai araha ta asusunsa, bar shi. Ka kuma tanadi katin banki mai aiki a waje, domin can ko shayi za ka sha a bukkar daji, kati ko waya za a miƙo maka ka biya.